Golan da Na Rubuta wa Kano

Ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ranar Talata, muka zauna a ofishin wasanni na kwalejin da na yi wa aiki a Abuja. Mu uku ne: shugaban kwamitin wasanni, wanda muke kira Oga, kocin ƙwallon ƙafa, sai ni, mai kula da sito, kuma mai riƙe takardu. Lokacin mulki ya dawo hannun farar hula, ana ta gine-gine a Gwarinpa, kowa na neman wayar hannu. Gasar kwalejoji ta matso, ranar Alhamis za a rufe karɓar sunaye.

Ƙa'idar kwalejin a rubuce take. Na farko, 'yan wasa goma sha takwas. Na biyu, kada jiha ɗaya ta wuce mutum biyu, don kowane ɓangare na ƙasa ya ga nasa. Na uku, lallai a samu ɗan asalin Abuja, ko da ɗaya ne. Ban taɓa ƙin wannan ƙa'ida ba, har yau ma ban ƙi ta ba.

Oga ya ɗora biro a kan takardar sunayen 'yan wasa, yana gangarawa a hankali.

"Kano. Kano. Kano. Koci, kasuwar Kwari za ka kai mana gasar?"

"Oga, ni ƙafa nake duba, ba na duba jiha."

"Ni kuwa jiha aka ce in duba. Kano uku, Abuja babu. Cire ɗaya."

Kanawan uku su ne kyaftin, da mai cin ƙwallo, da gola. Kocin mutumin Gabas ne, a bariki ya koyi Hausa, kuma idan ransa ya ɓaci ba ya zama. Ya miƙe.

"Wannan gola, shi ne tim ɗina. Masu neman 'yan wasa za su zo kallo. Ka cire shi, ka kashe masa hanya."

"To cire kyaftin."

Akwai wani gola na biyu, ɗan wani ma'aikaci, mai takardar shaidar Abuja. Idan aka sa shi, an gyara Kano, an cike gurbin Abuja. Dukkanmu mun ga haka, ba wanda ya so ya fara faɗa.

A nan ne na tuna abin da na yi. Mako biyu kafin nan na raba fom, kowa ya rubuta jiharsa. Golan bai zo ba ranar, an ce ya je gida taya mahaifinsa haƙar doya. Ni kuma ba na ajiye takarda da gurbi a buɗe. Na sha ganinsa a shagon wani Bakano mai sayar da yadi a Gwarinpa, yana auna shadda, da hula a kansa, yana ciniki kamar a can aka haife shi. Sahu ɗaya muke sallar Azahar. Sai na ɗauki biro na rubuta Kano. Ban tambaye shi ba.

Oga ya ɗago ya dube ni ta saman gilashinsa.

"Baba Sito, kowane layi ka tabbatar da shi?"

Shekara tara ina wannan aiki, ko ƙwallo ɗaya bai taɓa ɓata a hannuna ba. Da wannan aka san ni. Na ce, "Na tabbatar, ranka ya daɗe."

Ya ja layi a kan sunan golan, ya sa hannu, ya buga hatimi. Koci ya fita bai yi sallama ba.

Ƙarfe sha biyu na manna kwafi a allon sanarwa. Ƙarfe sha biyu da rabi golan ya tsaya a ƙofar sito, safar hannunsa rataye a wuya.

"Baba, ina wuni. Na ga an soke ni. Koci ya ce wai Kano ta cika."

"Haka ƙa'ida ta ce."

"To wa ya ce ni ɗan Kano ne? Ko Kaduna ban taɓa wucewa ba." Ya yi 'yar dariya, yana zaton abin zai gyaru. "Ni Gbagyi ne, Baba. A Orozo aka haife ni, nan yankin Abuja, a can kabarin kakana yake. Alhaji mai shago ubangidana ne kawai. Takardar shaidata na cikin jaka."

Ya miƙo ta. Na karanta ta sau biyu. Gurbin Abuja da muka sha wahalar cikewa tun safe, nasa ne.

Na tafi wurin Oga da takardar. Na ce an samu kuskure a fom. Ban ce wa ya yi ba.

"An samu, ko wani ya yi? Direba ya riga ya kai wa masu shirya gasar sunayen. Idan zan janye takarda mai hatimina, sai da wasiƙa daga wanda ya cike layin, da sa hannunsa, kuma za ta shiga fayil ɗinsa. Kafin Alhamis ƙarfe huɗu." Ya tsare ni da ido. "Ka san rubutun waye?"

Na ce zan bincika.

Ranar Laraba na rubuta wasiƙar, na yage. Na sake rubutawa, na sa a aljihu. Golan ya zo da safe, ya zo da la'asar, na ce masa ana kan aiki. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu ta same ni a sito ina jera rigunan da na riga na jera. Ranar Juma'a da safe na kai wasiƙar. Oga ya karanta, ya dubi kalanda, ya sa ta a fayil ɗina.

Tim ta tafi da gola na biyu. Ɗan Orozo ya kawo mini safar hannun kwaleji, wankakkiya, ya jira na duba ta, ya yi godiya. Bai ƙara shiga filin ba. Har ya gama karatu yana gaishe ni da ladabi, don yana zaton laifin ofis ne.

Yanzu na yi ritaya. Sau biyu na je Orozo, aka ce danginsa sun tashi bayan an yanka gonarsu filaye. Mai karatu, idan ka san wani mutum dogo, Gbagyi, mai Hausar kasuwa, wanda ya taɓa tsare raga a kwaleji a Abuja aka soke shi ana saura kwana biyu, ina roƙonka ka kai masa wannan takarda. Ka gaya masa rubutun nawa ne, kuma ina neman ya ba ni dama in faɗa masa da bakina.