Tambayar da ba ta cikin takarda

A unguwar Kilomita Biyar ta Bangui aka haifi Sa'adatu Nasidi, a gidan da ke bayan shagon atamfar mahaifinta, mutumin Damagaram da ya zauna Bangui tun yana saurayi. Hausa take yi a gida, Sango a titi, Faransanci a makaranta. Tun tana ƙarama ba ta barin magana ta wuce ta. Mace ba ta sayen turmi a shagon sai Sa'adatu ta ji bikin wa za a yi.

A shekarar 2017, bayan rikicin da ya raba Musulmi da Kirista a garin ya ɗan lafa, wani malamin jami'a mai suna Dakta Uwaisu ya shigo unguwar neman tafinta. Nazarin zaman jama'a yake koyarwa. Ɗan Bangui ne, Musulmi, amma ba ya jin Hausa. Yana so ya san yadda 'yan kasuwa suka rayu a shekarun da fita daga unguwar ta gagara. Aka haɗa shi da Sa'adatu, ya miƙa mata takarda mai tambayoyi talatin da biyu.

Da Baba Mahaman suka fara, tsoho mai gyaran keken ɗinki kusa da Masallacin Koudoukou. Ta karanta tambayar farko, ya amsa. Kafin ta kai ta biyu ya ce, "Mutum tara ne a gidana. Ta gaba za ki ce sau nawa muke cin abinci. Biyu."

"Baba, ka taɓa ganin takardar nan ne?"

"Ina zan gan ta, 'yata? Ku ne na shida bana. Kowa ya zo, abin da yake tambaya ke nan."

Ta fassara wa Dakta. Ya yi dariya. Ita kuwa abin ya tsaya mata a rai, sai ta kife takardar ta ce, "To Baba, mene ne ba a taɓa tambayarka ba?"

Tsohon ya ajiye sukudireba. Ya ce ba wanda ya taɓa tambayarsa wa ya koya masa aikin. Wani Kirista ne a unguwar Miskine, Papa Firmin. Shekara uku ba su ga juna ba, amma ko a lokacin da aka tare hanyoyi, allura da bel suna kai-komo tsakaninsu ta hannun wata mai sayar da rogo. Awa biyu yana magana.

Daga ranar Dakta Uwaisu ya daina fitowa da takardar. Suka bi sawun mai rogon, ita kuma ta nuna musu wasu. Ashe irin wannan hulɗa ta fi ashirin, kuma babu ko ɗaya da tambayoyin nan talatin da biyu za su iya tonowa.

Da annobar korona ta zo, zama da mutane ya yi wuya. Da ma rabin waɗanda suke nema sun koma Kamaru da Cadi. Wata rana Sa'adatu ta ga goggonta tana ta zuba wa waya labari har minti goma, saƙon murya zuwa ga 'yarta a Garoua-Boulaï ta Kamaru. Sai ta gwada. Ta aika wa mata bakwai tambaya guda, ta bayyana musu abin da za a yi da muryarsu, ta ce wadda ba ta so ta share. Biyar suka amsa, wasu bayan kwana uku, kuma sun faɗi abin da ba sa faɗa idan baƙo na zaune a tabarmarsu. Abin da ya dame ta shi ne ba ta ganin fuskokinsu.

Yanzu duk zango Dakta na gayyatarta ta koyar da ɗalibansa, ita da ba ta da digiri. Ɗaliban suna zuwa da manhajar da ke mayar da magana rubutu. Faransanci tana kama shi, amma da Hausa ta haɗu da Sango sai ta rikice. Wata ɗaliba, Husna, ta kawo rubutun hirar da ta yi da wata mata tana murna. Sa'adatu ta ce a kunna muryar. Tsakanin tambaya da amsa akwai shiru mai tsawo wanda rubutun bai nuna ba.

"Me kika ji a nan?"

"Ba komai, Malama."

"Sake kunnawa."

A karo na uku Husna ta ji takun ƙafa, ta ji an tura ƙyaure. Matar ta tashi ta rufe ƙofa ne kafin ta amsa. Husna ta koma kan amsar, ta karanta ta da wani ido daban.

Matasan unguwar ne har yau suke ba Sa'adatu aiki. Makon jiya, ta saƙon murya, ta tambayi wata budurwa mai sayar da wayoyi a kasuwa yadda take ganin shekara biyar masu zuwa. Hoton babbar mota mai zuwa Douala kawai budurwar ta turo. Sa'adatu ta rasa ko tafiya take nufi ko kayan da take jira. Ta ce ranar Asabar za ta je rumfar budurwar da kanta ta ji.