Murfin Kwata da Zaren Rama

A shekarun da nake haya a Kwamba, na yi imani cewa duk abin da ya tsaya daidai a kwamfuta, a ƙasa ma daidai zai tsaya. Ina da sabon digiri na injiniya, ina kuma da izinin taɓa kwamfutar ofishinmu a Abuja idan manya sun fita cin abinci.

A ƙofar gidan akwai kwata mai faɗi, katakon da ke kanta ya ruɓe. Mai gidan, wadda muke kira Mama, tsohuwar malamar firamare ce daga Filato, gwiwa na damunta, kuma sai ta tsallaka kwatar nan take zuwa coci. Na yi mata alkawarin murafu biyu na siminti da zaren rama, ba rodi, marasa nauyi.

"Ɗana, ni dai kar in faɗa," in ji ta. "Sauran turancin naka ne."

Mako uku na yi a kan lissafin. Na zana murfin, na yayyanka shi a allon kwamfuta zuwa ƙananan murabba'ai, na'urar tana auna nauyin da kowanne zai ɗauka ya miƙa wa na kusa da shi. Na shaida wa na'urar cewa zaren a cakuɗe yake cikin simintin, yana fuskantar ko'ina. Amsa ta fito: ƙarti uku za su tsaya a kai lafiya. Na kuwa baza wannan labari a unguwa.

Na kai wa wani dattijon magini a Iku, mai noma da damina, siminti da buhun rama a hargitse, na ba shi awo, na wuce aiki.

Ranar Asabar ɗin da aka ɗora murfin farko, na saka farin kaftani. Maƙwabta suka taru. Na hau, har da ɗan tsalle. Murfin ya rabe biyu tsaf, na tsinci kaina a kwata har ƙwauri.

"Injiniya," in ji telan da ke shagon gefe, "cikin ƙarti ukun, kai ne na nawa?"

Da na duba karayar, sai na ga zaren duk a jere, kwance bisa tsawon kwatar, babu ko ɗaya da ya gitta ta. Na juya ga maginin.

"Ranka ya daɗe, ka kawo min zare kamar sheƙar tsuntsu," ya ce. "Kunya na ji a ce aikin mai ilimi ne. Kwana biyu na yi ina taje shi, kamar zan tufka igiya."

Na so in yi fushi, na rasa wurin ajiye shi. Har yau ina tambayar kaina yadda na yi wa na'ura bayani mako uku, na kasa yi wa mai zuba simintin na minti uku.

Murfin na biyu, da yake tsawonsa da faɗinsa ɗaya, muka juya shi yadda zaren zai gitta kwatar. Tela ya ce ba zai hau ba sai na fara. Muka tsaya a kai mu uku, ni da tela da maginin, bai ko motsa ba. Mama ta daddaka shi da sandarta, ranar Lahadi ta tsallaka. Ranar Litinin da na shigar wa kwamfutar yadda zaren murfin farko ya kwanta, ta nuna karayar daidai inda na rufta.

Tun daga lokacin, kowane zane na fitar yana ɗauke da kibiya mai nuna inda zare zai fuskanta, kuma da ƙafata nake kai shi wurin magini.