Ƙwayoyin da Abakar Ya Ɓoye a Bayan Buhun Dusa

Duk wanda ya san Kasuwar Shanu ta Maiduguri ya san Abakar mai raguna. A daji aka haife shi, cikin garken mahaifinsa, rikici ne ya koro su gari suka zauna a unguwar Gwange. Ka ba shi rago ƙashi da fata, wata uku ya mai da maka shi sai an riƙe da mutum biyu. Dusa ce da harawa, sai kuma bitamin da yake jefa musu a ruwa. Wannan sanin ne ya ja masa, don Abakar irin mutanen nan ne da in sun iya abu ɗaya sai su ɗauka sun iya komai.

Da matarsa Latifa ta samu cikin fari, ta dawo daga awo da ƙwayoyi a leda, aka ce bitamin ne da maganin ƙarin jini. Abakar ya ƙura wa ledar ido. Yayarsa wajen haihuwa ta rasu a ƙauye, aka ce ɗan ne ya yi girma. Shi kuwa ya san abin da bitamin ke yi wa rago. Maimakon ya buɗe baki ya faɗi tsoronsa, sai ya lallaɓa ya cusa ledar a bayan buhun dusa. Latifa ta birkice ɗaki tana nema, har da shi a ɗaga katifa, kai ka ce da gaske yake.

Cikin na wata uku ya zube.

Ranar da aka sallamo ta daga asibiti, mahaifiyarta, wadda suke kira Ammi, ta zo dubiya. Ta riga ta ji labarin ɓatan maganin tun farko, don haka ba ta rage wa 'yar komai ba.

"Ƙwaya kaɗai aka ba ki ki adana, kin kasa! Wane irin sakaci ne wannan, Latifa?"

Abakar na tsaye a bakin ƙofa da kwanon furar da ya sayo. Latifa ta sunkuyar da kai, shi ma ya sunkuyar. Mutumin da ake jin muryarsa daga wancan ƙarshen kasuwa, ranar ko tari bai yi ba. Kunya ta kama shi, irin wadda ba a iya gaya wa aboki.

Sati biyar yana fita da sassafe don kada su haɗa ido. Ya rame, abokan ciniki suna tsokanarsa wai ya riƙa shan bitamin ɗin ragunan. A ransa ya gama yanke wa kansa hukunci cewa shi ya kashe ɗansa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tarar da ita tana zuba wa raguna ruwa. Ya durƙusa kamar mai gyara igiya.

"Latifa, maganin nan bai ɓata ba. Ni na ɓoye."

Ba ta ajiye bokitin ba.

"Na sani, Malam. Wa ke ɗiban dusa kullum da safe? Kwana biyu da ɓatansa na gan shi. Kullum ina ɓallar ɗaya in sha, in mayar inda ka ajiye."

Ya ɗago ya dube ta.

"Ban tsallake ko rana ɗaya ba, kuma ya zube. Malamar asibiti ta ce maganin yana da amfaninsa, amma ba ya ɗaure ciki, wani ɓarin ba mai iya tare shi. Ba kai ba ne."

Ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, sai kuma wanda ya fi shi ya hau.

"To me ya hana ki gaya wa Ammi kina sha?"

"Da ta tambaye ni inda na same shi fa?" Ta juye sauran ruwan a kwami. "Na ɗauka za ka yi magana ranar. Na jira ka har ta tafi."