Layi Uku da Ƙofar Gidanmu

Shekarun baya, lokacin da na dawo Yelwa daga kwaleji da kai a kumbure, na tsinci wani ɗan littafi wurin mai sayar da tsofaffin littattafai a kasuwa. Labarin wani mawaƙi ne na ƙasar Japan da ya yi zamani ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Mutumin ya bar birni da almajiransa, ya ɗauki sanda da malafa, ya yi ta yawo a ƙafa yana ziyartar kufai da tsofaffin wurare. Duk inda ya tsaya sai ya yi waƙa mai layi uku kacal, wadda suke kira haiku: gaɓa biyar, bakwai, biyar. A hanya ma ciwon ajali ya same shi.

Abin ya shiga raina. Na sayi malafa, ni da ko gona ba na zuwa. Da na karanta wa abokina waƙata ta farko, sai ya ce, "To, ci gaba mana." Na ce ai ta ƙare. Ya ce, "Wagga waƙa ce ko atishawa?"

Mahaifina masunci ne. A wani gungu aka haife shi, tsibirin da ruwa ya shanye da aka gina madatsar Kainji. Bai cika zancen wurin ba. Amma wata safiya, bayan ya tashi daga jinya, ya ce in ɗauko filafili in raka shi a jirginsa.

"Ƙarhina ya hwara ƙarewa," in ji shi. "Ka taho in gwada maka ƙohwar gidanmu, kar ta ɓace da ni."

Murna ta kama ni. Na ce ga kufai ya samu, yau zan yi irin ta mutumin Japan.

Masunta ba su da taswira. Alama suke haɗawa: bishiya a wannan gaɓar, dutse a waccan, in sun daidaita to ka iso. Muka yi tuƙi mai nisa ta wajen Ngaski, sai ya ce in tsaya. Ya miƙa hannu.

"Diba can. In giginyag ga ta..."

Ni kuwa layi na biyu ya zo mini, ina lanƙwasa yatsu ina ƙirga. Na ji yana ambaton giginya, da wani dutse, da wani abu na uku. Na ce, "To, Baba."

"Mi kaka yi da yatsu? Ka gane?"

"Na gane sarai."

Ya daɗe yana kallon ruwan, ya yi addu'a, muka juyo. Damina ba ta kewayo ba Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan ta fita takaba, Inna ta kira ni. A gungun nan aka kai ta amarya, can kuma aka binne ɗanta na fari. Ta ce, "Ya ce ya gwada maka. Kai ni."

Wallahi ban taɓa ganin giginya da yawa kamar ranar ba. Kowace gaɓa giginya, kowane tudu dutse. Na yi gaba, na yi baya, gumi na zuba, ina ta cewa mun kusa. Rana ta take. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Can Inna ta dafa gefen jirgin. "Tsaya nan, ɗan nan. Ruwan duk guda ne."

Ta tsoma hannu, ta yi wa mamatanta addu'a. Har ta bar duniya ba ta sake tayar da zancen ba, kuma wannan ya fi mini zafi da a ce faɗa ta yi.

Daga baya na koma wa littafin, na ga abin da na tsallake. Mawaƙin nan yakan zauna ya ƙare wa wuri kallo, ya saurari mutanensa, wani lokaci har ya yi kuka, kafin ya rubuta komai. Ni ƙirgar kawai na ɗauko, da malafa.

Yanzu na yi furfura. In na je bakin tafki da yamma ina jin kewar su biyun, da ƙamshin kifin da Inna ke bandawa. Takardar da na rubuta waƙar ranar da na raka Baba tana nan cikin akwatina, gaɓoɓinta cif, babu ko ɗaya da ta ɓace:

Ruwa ya kwanta
Balbela ta wuce mu
Baba na nuni

Na rubuta cewa yana nuni. Inda yake nunawa ne ban rubuta ba.