Gwiwata a Hannun Surukina

Assalamu alaikum. Masu tambaya ko na bar Jalingo ne, ina nan. Na daɗe ban ce uffan ba saboda maganar ba ta da daɗin faɗi.

Sana'ata saye da sayar da shanu a kasuwar Iware. Bara, muna loda shanu a mota, wani bijimina ya juyo kaina. Na yi tsalle na dira da ƙafa ɗaya, na ji gwiwar dama ta ce ƙas. Na karkaɗe riga na ce ba komai.

Da la'asar na kasa sujada.

Aka ɗauki hoto, aka sake ɗaukar wani mai tsada, likita ya ce jijiya ta tsinke, sai tiyata. Bijimin da ya jawo abin shi aka sayar aka biya. Ban ji tausayinsa ba.

Ranar sallama tambaya ɗaya na yi: zan sake kai goshina ƙasa? Likita ya ce, "Alhaji, rabin aiki na yi. Sauran na masu gashin ƙashi ne. In gwiwar ba ta lanƙwasu a makonnin farko ba, za ta ƙage."

Wuri biyu ke gabanmu. Akwai sashen gashi na asibitin gwamnati, inda sai ka yi sammako ka bi layi. Akwai kuma wani ƙaramin asibitin kuɗi a Mayo Gwoi, inda Hamidu, mijin babbar 'yata, yake wannan aikin. Mai ɗakina ta ce, "Ga na gida, me zai kai ka layi da sanda?" Yayana ya ce gaskiya ta faɗa. Ni ma na ga haka.

Duk cikinmu ba wanda ya tuna cewa mu Fulani ne, kuma yaron nan surukina ne.

Ina shiga ya zube ƙasa yana gaisuwa. Aikin gwiwa sai an naɗe wando har cinya. Ni ban naɗe ba, shi kuma bakinsa ba zai iya cewa in naɗe ba. Ta kan wando yake taɓa ta, a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai, kansa a sunkuye.

"Baba, da zafi?"

"Babu."

Alhali zufa ta jiƙa min baya. To ina zan yi nishi a gaban wanda na ba 'ya?

"Baba, a ƙara kaɗan?"

"Ya isa haka."

"To, Baba."

Kullum haka muke. In ya tambaya ko na yi motsa ƙafar da ya nuna min a gida, in ce an yi. A gida kuwa ina kwance, an sa min matashi a ƙarƙashin gwiwa, 'yan dubiya na cewa kada in wahalar da ita.

Ta bayan labule ina jin yadda yake da sauran majinyata. "Lanƙwasa! Ƙara! Ban ce ka tsaya ba!" Manyan mutane suna ihu. Wallahi a lokacin cewa nake ni na yi sa'a.

Da na koma ganin likita, ya kama ƙafar ya tura, ta tsaya cak. Fuskarsa ta canja. Ya ce wa yake yi min gashi? Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Ya tura ni layin da na guda.

Can na haɗu da Madam Rifkatu, 'yar ƙabilar Mumuye, gajeriya mai hannun ƙarfe. Ko gaisuwa ba ta ja ba.

"Baba, je ka sa gajeren wando. Nan ba kunya. Kafa nan ya yi tauri kaman itace, waye ya bar shi haka?"

Ta danna. Na cije. Ta ce, "Yi kuka, Baba, kowa yana yi a nan." Na yi. Da furfurata na yi, yara suna ji, kuma ƙasa ba ta tsage ba.

Ta yi iya yinta. Na ajiye sanda, ina shiga keke napep ba sai an tallafe ni ba. Amma gwiwar ta zo wani wuri ta tsaya, watanni ke nan ba ta ƙara ba. Likita ya ce nama ya riga ya manne a ciki. Ana iya sake tiyata, amma bai yi min alkawari ba. Ni kuma ba ni da wani bijimin, kuma zuciyar ma ta gaji.

Yanzu a zaune nake sallah. Malam ya ce ladana cikakke ne, na kuma yarda. Amma idan liman ya yi kabbara, sahu duka ya tafi ƙasa ya bar ni ni kaɗai a sama ina kallon bayan mutane, baƙin ciki nake ji. Ba zan ɓoye ba.

Na gode wa Allah da ya bar min ƙafar. Na gode wa mai ɗakina, da Madam Rifkatu, da ku da kuka yi ta addu'a. Hamidu ma na gode masa. Ya san aikinsa, ladabi ne ya ɗaure masa hannu, ni kuma na taya shi ɗaurewa.

Wanda aka yi wa aikin gwiwa, ka fara gashi ranar da aka ce. Ka je wurin wanda zai iya daka maka tsawa, wanda kai ma za ka iya ihu a gabansa. Kada ka kai ciwonka wurin wanda kake jin kunyarsa, ko da kyauta ne.

Jumma'ar da ta wuce Hamidu ya zo gida da kujera mai naɗewa, wai ta fi sauƙin ɗauka zuwa masallaci. Ya durƙusa har ƙasa ya miƙo min, idonsa ya yi ja. Na ga yana son ya yi magana. Ni ma ina so.

Na ce, "Allah ya yi albarka."

Ya ce, "Amin, Baba."

Na ɗauki kujerata na tafi masallaci.