Bidiyon Arha Da Ya Ci Mana Bijimin Huɗa

Edita, a tsakiyar shekarun tamanin, tun muna ƙarƙashin Kaduna, ni malamin firamare ne a Kurfi, mai sabon aure da sabon keke da girman kai wanda ya fi albashina nauyi. Ni kaɗai na yi boko a gidanmu da ke wajen Birchi, saboda haka kallon baƙauye nake wa kowa, har da yayana da ya yi noma ya ɗauki nauyin karatuna. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gandu, gona ɗaya da bijimai biyu na huɗa. Yaya ke noma, ni in aika da ɗan abin taki idan an yi albashi, kaka ta yi a zuba a rumbu ɗaya mu ci tare. Tun ranar da na fara koyarwa ya daina kiran sunana, sai dai Malam, ni kuwa ina jin daɗin abin har cikin raina.

Wata rana na je Dutsin-Ma na ga wani Alhaji ya girke talabijin da bidiyo a zaurensa, mutane har bakin titi suna ɗage. Daga ranar na rasa sukuni. Na tsara wa kaina cewa zan kafa irinsa a zaurena, ranar kasuwar Kurfi in karɓi 'yan kwabbai a ƙofa, sauran ranaku in kalla ni da amarya. Abin da na tara zai isa talabijin da ƙaramin janareta, amma bidiyon ya fi ƙarfina. Sai na hau keke na tafi wurin Yaya, na ce a sayar da bijimi ɗaya, kafin ruwan farko zan mayar da wanda ya fi shi. Ya gaya mini cewa bijiman nan tare aka hore su, ɗaya ya san dama ɗaya ya san hagu, in aka raba su kamar duka biyun aka sayar. Na yi masa dogon bayani da lissafi a takarda, wanda na san ba zai iya karantawa ba. Daga ƙarshe ya ce tunda Malam ya duba ya ga zai yiwu, to shi ke nan. Da hannunsa ya ja bijimin zuwa kasuwa.

Kafin in tafi Kano sayayya na biya rumfar wani mai gyaran rediyo a Dutsin-Ma, Kirista ne daga kudancin Zariya, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya ajiye abin da yake gyarawa ya zaunar da ni. Ya ce bidiyo iri biyu ne, mai manyan kaset da mai ƙanana, kuma kaset ɗin wannan ba ya shiga wancan. Ya ce mai ƙananan yanzu an karya kuɗinsa ne saboda masu ba da hayar kaset duk sun koma manya. Shawararsa ita ce in zuba kuɗin a mai manyan kaset, in haƙura da ƙaramar talabijin mai baƙi da fari, in ya so daga baya in canza. Na yi masa godiyar fatar baki na fito. A zuciyata cewa nake yana da aboki a Kano da zai ba shi kamasho, kuma ina ni ina baƙi da fari alhali na Alhaji mai kala ne.

A Kano na faɗa hannun wani mai shago mai zaƙin baki. Ya jawo wani bidiyo na hannu mai ƙananan kaset, kuɗinsa wajen rabin ɗayan, ya kunna mini. Hoton kam tsaf yake, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ƙara mini kaset uku gyara, fim ɗin Indiya ɗaya, na 'yan Cana masu faɗa ɗaya, da na kokawar Turawa. Ko tambayarsa ban yi ba inda zan sami na huɗu. Rarar da ta rage na zuba a talabijin mai kala, ƙatuwa, mai akwatin katako. Na dawo a bayan a-kori-kura ina rungume da kwali, ina jin babu mai wayo kamata daga Kano har Kurfi.

Makonnin farko zaurena ba wurin sa ƙafa. Amma mutanen Kurfi ba wawaye ba ne. Kafin wata ya cika sun haddace kaset ukun nan, har suna riga 'yan fim ɗin magana, suna faɗin wanda za a kayar tun kafin a kama kokawa. Sannu a hankali suka janye, aka laƙaba mini Malam Kaset Uku, har ɗalibaina na ji suna faɗa a bayan aji. Na bazama neman kaset, Katsina, Funtuwa, na koma Kano. Duk shagon da na shiga na nuna irin nawa sai a girgiza kai. Mai shagon da ya sayar mini ya ce ciniki ya riga ya faɗa, ya taya bidiyon tayin wulaƙanci, kuɗin da ko ɗan maraƙi ba zai saya ba. Na haɗiye kunya na koma wurin mai gyaran nan, na roƙe shi ya buɗe injin ya faɗaɗa bakinsa ya karɓi manyan kaset. Bai yi mini dariya ba, bai kuma tuna mini abin da ya faɗa ba. Cewa kawai ya yi ba ya yiwuwa, kuma ya tausaya mini. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ana nan ruwan farko ya sauka, babu kuɗin bijimi, babu dalilinsu. Na lafe a Kurfi mako uku ban leƙa gida ba, ina fakewa da jarrabawar yara. Labari ya riƙa zuwa mini cewa Yaya ya aro wani bijimi ya haɗa da namu, suka ƙi tafiya tare, wannan ya ja gabas wancan ya ja yamma, kunya ta fito a karkace. Maƙwabta kuwa babu mai ba da nasa sai ya gama tasa huɗar. Ranar da na daure na je, na same shi a tsakiyar gona da garmar hannu, a duƙe, mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, ko rabin gonar bai kai ba alhali geron mutane ya kai gwiwa. Ya miƙe da ƙyar yana dafe da ƙugu, ya gaishe ni, ya tambayi amarya da makaranta. Bai ambaci bijimi ba, ni ma ban iya ambata ba. Na tsaya a gabansa da farar riga kamar baƙo.

Abin da aka samu a kakar nan bai kai rabin rumbu ba. Bayan an gama sussuka Yaya ya kira kawunmu da mai unguwa, ya ce a raba gandu. Kawu ya yi ta ba shi baki, ya ƙi. Ya ce ba fushi yake ba, amma Malam mai ilimi ne, yana da tsare-tsaren da shi ba ya ganewa, gara kowa ya riƙe nasa don kada jahilcinsa ya riƙa ja na baya. A gabana aka ja igiya aka tsaga gonar mahaifinmu biyu. Daga baya na sayi bijimi na kai masa, ya karɓa ya yi godiya kamar yadda ake yi wa bare, amma bai sake haɗa hatsinsa da nawa ba har ya koma ga Allah.

Har yau ina jin haushin mai shagon nan, amma na fi jin haushin kaina, domin an gaya mini gaskiya kyauta na ƙi ji. Masu karatu, in za ku sayi irin waɗannan na'urori, kada sauƙin kuɗi da kyan hoto su ruɗe ku. Ku tambayi mai gyara kafin mai sayarwa, ku san inda za ku sami abin da za ku riƙa sakawa a ciki. Mafi girma kuma, kada ku taɓa abin da gida ke ci da shi don abin kallo. Ni na yi, kuma yanzu 'ya'yana da na Yaya sai dai su gaisa a bakin iyakar gona, kowa ya koma nasa ɓangaren.