Ƙarnin Kifi a Gidan Babagana

Duk wanda ya san Babagana a Azare, da sayar da niƙaƙƙen kifi ya san shi. Kaɗan ne suka san a bakin Tafkin Chadi aka haife shi, kuma ya iya tuƙa kwalekwale tun bai fara azumi ba. Da fitina ta ci garinsu, ya fito da matarsa Ya Gana, suka ɗan zauna a Yobe, daga baya wani ɗan'uwa ya jawo su nan.

Azare ba tafki. Sai ya kama abin da ya fi kusa da sana'ar gidansu: ya sayi kawuna da ɓurɓushin kifi a kasuwa, ya busar a wani ɗaki a bayan gida, ya niƙa, ya sayar wa masu kiwon kaji. Sana'ar ta rufa masa asiri, amma ƙarninta ya cika unguwa. Da damina kuwa, ko tuwo mutum ke ci sai ya ji kamar da kifi aka tuƙa shi.

Maƙwabta sun daɗe suna kawaici, don sun san abin da ya koro shi. Ranar nan dai Malam Bappayo, wanda katanga ce kawai ta raba su, ya same shi bayan La'asar.

"Malam Babagana, wallahi da nauyi nake faɗa. Uwar yarana ba ta iya buɗe taga. Ƙirjinta ya matsa mata."

Babagana ya sunkuyar da kai. Shi bai taɓa jin abin a matsayin wari ba. Haka rigar mahaifinsa take ƙamshi, haka hannun mahaifiyarsa.

Suwaiba, 'yar Bappayo mai koyarwa a jami'ar Gadau, ita ta ce ba sai ya bar sana'ar ba. Aka toshe tagogin ɗakin, aka sa fanka mai aiki da sola tana tura iskar ta bututu zuwa gindin wani rami. Aka cika ramin da ɓuntun da injin casar shinkafa ke zubarwa, da dusar katako daga wajen kafintoci, aka cakuɗa da ruɓaɓɓen taki.

"Baba, akwai ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani," ta ce wa Babagana. "Warin nan shi ne abincinsu. Kai dai kada ka bari ramin ya bushe."

"Ashe kiwo kika ba ni," ya ce, suka yi dariya.

Kullum da safe ya ɗauki bokiti ya yayyafa wa ramin ruwa. A hankali ƙarnin ya ja baya, har wata rana ya ɗauke. Matar Bappayo ta buɗe tagarta, ta aiko wa Ya Gana da fura. Babagana ya yi murna, har ga Allah. Sai dai idan ya fito tsakar gida ya shaƙi iska, ba ya jin komai, kamar a gidan wani yake.

Ya Gana ta lura ya fara daɗewa a ɗakin kifin, ya ja ƙofa ya rufe, ko da babu aikin yi.

"Maigida, zafin ɗakin nan zai kayar da kai," ta ce.

"A nan kawai ƙamshin gida ya rage, Ya Gana."

Ta ɗauko kujerarta, ta shiga ta zauna kusa da shi, suka yi ta lissafa mutanen layinsu na can, wanda ya rasu da wanda ba a san inda yake ba.

Bara aka ce hanyar garinsu ta fara buɗewa, wasu sun koma. Babagana ya kwana biyu yana maganar tafiya, amma gwiwoyinsa sun ƙi, jikokinsa kuma Hausar Azare ce a bakinsu. Ya haƙura.

Har yanzu yana shayar da ramin, idan ɓuntun ya lotsa ya ɗebo sabo. Duk ranar da motar kifi ta iso daga gabas, shi ke fara zuwa. Kafin ya duba kaya sai ya tari direba ya tambaye shi ko ruwan tafkin ya kawo bana, kuma ya kai ina.